Darasi na Tara: Daga Alfadari Zuwa Sauro, Yadda Jinsin Halitta Ke Rabuwa

Idan aka shimfiɗa zangarniyar kaura, da ta farfara, da karan takanda, da karan dafi a tabarma ɗaya, babu manomin Gude da zai rikita su. Kaura ƙwayarta ƙosasshiya ce, rawaya ko ja-ja. Farfara fara ce, kanta a sake. Takanda don zaƙin karanta ake shuka ta, karan dafi kuwa rininsa ake nema, wanda dukawa ke jan fata da shi. Suna huɗu, amfani huɗu. Amma masanin ilimin halittu zai dube su ya ce duk abu ɗaya ne, ya rubuta musu suna guda: Sorghum bicolor. Sannan a kamo masa sauro biyu daga bangon ɗaki ɗaya, waɗanda ko da madubin likita ba a bambance su, ya ce waɗannan jinsi biyu ne daban. Duk mai hankali zai tambaya: da wane mudu mutumin nan yake awo?

Kafin mu je ga mudun, mu daidaita kalmomi. A maganar yau da kullum mukan ce iri, mu ce nau'i, mu ce jinsi, duk a wuri ɗaya. A wannan darasi za mu raba musu aiki. Iri shi ne bambancin da ke cikin jinsi ɗaya, kamar kaura da farfara, ko Balami da Uda da 'Yankasa a tumaki, ko Bunaji da Rahaji da Bokolo a shanu. Jinsi kuwa shi ne abin da ya haɗa irin duka: dawa jinsi ce, tunkiya jinsi ce, akuya wani jinsin ce.

Katangar haihuwa

Makiyayi ya daɗe da sanin mudun, suna ne kawai bai sa masa ba. Ragon Balami zai bi tunkiya 'Yankasa ta haihu, 'yarta ta girma ita ma ta haihu, zuri'a ta ci gaba. Bunsuru da tunkiya kuwa sai su shekara a turke ɗaya ba a ga komai ba. Tsakanin waɗannan biyu akwai alfadari. Jaki ne ubansa, goɗiya ce uwarsa. Ya fi jaki ƙarfi, ya fi doki juriya, amma zuri'a a kansa take tsayawa. Namijinsa ba ya haihuwa, macen ma sai jefi-jefi a duk duniya ake jin labarin wadda ta haihu. Duk mai son wani alfadarin sai ya koma ga jaki da goɗiya.

Wannan shi ne abin da wani masanin tsuntsaye, Ernst Mayr, ya tsara ya rubuta a 1942: jinsi shi ne taron halittun da ke barbara a tsakaninsu a inda suke rayuwa, su haifi 'ya'ya masu haihuwa, kuma akwai abin da ya katange su daga sauran taruka. Ku lura bai ambaci launi ko girma ko kama ba. Hausawa sun riga sun ce kama da wane ba ta wane.

Me ya hana alfadari haihuwa? A cikin kowace ƙwayar jikin mai rai akwai wasu ƙananan ƙunshi da ake kira kuromosom. A cikinsu gado yake, wato sinadarin DNA, wanda ya sa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Biyu-biyu suke zama, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mutum yana da 46, tunkiya 54, akuya 60, jaki 62, doki 64. Alfadari ya karɓi 32 daga uwa, 31 daga uba, ya tashi da 63. Ranar da jikinsa zai haɗa ƙwayar haihuwa, dole ƙunshin nan su jeru kowanne da abokinsa kafin a raba su gida biyu. Na doki da na jaki ba su dace da juna ba, ga kuma mara ɗaya da ya rage. Sai rabon ya lalace.

Yadda katangar ke ginuwa

Tambayar da ta fi wuya ita ce: doki da jaki, da ake ganin kakansu ɗaya a can baya, yaya aka yi suka rabu har haka?

Na san akwai wanda zuciyarsa za ta ce: ai Allah ne Ya halicci kowa da kamarsa. Haka muka yi imani. Amma manomin da ya gode wa Allah a kan dami ɗari bai warware godiyarsa ba don ya san aikin da taki da ruwan sama suka yi. Sababi muke dubawa a nan, wanda ido ke gani, hannu ke gwadawa. Malaman Musulunci ma sun yi wannan duba: Al-Jahiz na Basra ya rubuta Kitabul Hayawan a kan dabbobi fiye da shekara 1,100 da suka wuce.

Abu uku kuka riga kuka sani daga gona. 'Ya'yan uwa ɗaya ba sa zama daidai. Bambancin nan ana gadonsa. Kuma ba kowa ne ke barin baya daidai da kowa ba. Idan kaka ta yi, manomi yakan ware zangarkun da suka fi cika ya rataye don iri, kuma da wannan zaɓen na shekara da shekaru aka sami kaura daban, farfara daban. Charles Darwin, a littafinsa na 1859, da Alfred Wallace da ya gano abu ɗaya a lokaci ɗaya, sun nuna cewa fari da sanyi da cuta da mafarauta su ma suna irin wannan zaɓe ba da niyya ba. Wanda ya dace da wurin ya fi barin 'ya'ya, halinsa ya yawaita.

Zaɓe kaɗai ba ya raba gida. Muddin ana auratayya, gado yana gauraya, kowa ya koma ɗaya. Sai an sami abin da ya yanke zumunci. Ku ɗauki misalin harshe. Bakano da Basakkwace suna jin juna ko da karin magana ya bambanta, domin kasuwa da aure da tafiya ba su yanke ba. Gwandara kuwa, waɗanda tarihin baka ya ce daga Kano kakanninsu suka fita suka yi kudu, wajen Nasarawa da Abuja na yanzu, sun daɗe a ware har maganarsu ta zama harshe mai zaman kansa, ko da yake babu harshen da ya fi shi kusa da Hausa. Misali ne kawai na harshe. Mutane dai, Bagwandare da Bahaushe da Bature da Basine, duk jinsi ɗaya ne.

A dabbobi da tsirrai, kogi ko dutse ko hamada kan yi wannan yanka. Kogin Kwango ya raba wasu manyan birai gida biyu fiye da shekara miliyan 1 da suka wuce. Ba sa iyo, don haka na arewa da na kudu kowa ya bi hanyarsa: na arewa su ne cimfanzi, irin waɗanda ake samu har a dajin Gashaka Gumti na Taraba, na kudu su ne bonobo. Wannan ita ce hanyar da aka fi samu, kuma tana cin lokacin da ran mutum ba ya kaiwa.

Akwai katangar da ba ta wuri ba ce, ta lokaci ce, kuma tana cikin gonakin Kabo da Gwarzo. Gero da maiwa jinsi ɗaya ne. Gero da ruwan fari ake shuka shi, cikin wata uku ya nuna, ya fid da gida daga yunwar damina. Maiwa kuwa ba ta fitar da kai sai yini ya fara gajarta, wajen ƙarshen damina. Lokacin da take bununi, gero ya daɗe da gama nasa, don haka iska ba ta cika kai garin furen wannan ga wancan ba. Idan mai bincike a Samaru ya daidaita lokacinsu ya haɗa su, za su ba da ƙwaya mai tsira, mai haihuwa. Katanga ce da aka ɗora tubalinta na fari kawai. Haka kuma shibra, wadda wasu ke kira shura, mai ƙananan ƙwaya da ke zubewa tun kafin girbi: tana nuna cewa geron gida, wanda aka fara nomawa a yankin Sahel kimanin shekara 4,500 da suka wuce, har yau bai gama rabuwa da geron daji ba.

Gyaɗa kuwa katangarta dare ɗaya ta tashi. Asalinta Kudancin Amurka ne, wajen iyakar Boliviya da Ajantina. Wasu gyaɗar daji biyu, kowace mai kuromosom 20, suka haɗu suka ba da tsiron da ya kamata ya ƙare kamar alfadari. Sai aka sami kuskure a rabon ƙwaya, ƙunshin suka ninka suka zama 40. Nan take kowane ƙunshi ya sami abokin jeri, tsiron ya iya haihuwa. Idan kuma ya koma ga ɗaya daga iyayensa, 'ya'yan da 30 za su tashi, rabo ya sake lalacewa. Ga haihuwa a cikin gida, ga katanga daga waje: sabon jinsi ke nan. Duk gyaɗar da aka taɓa tarawa a dalar gyaɗa ta Kano, da wadda ake ƙuli-ƙuli da ita yau a Gude, daga wannan haɗuwa ta fito. Alkama ma ta irin wannan hanya ta zo, da ƙunshi 42. A tsirrai abin ya yawaita, a dabbobi yana da wuya.

Sauron da ke rabuwa a gabanmu

Yanzu mu koma ga sauro biyun nan na bangon ɗaki, domin a kansu ne darasin nan ya shafi ran 'ya'yanmu. Sauro ya haura jinsi 3,500 a duniya, amma masu kawo zazzaɓin maleriya 'yan gida ɗaya ne da ake kira Anopheles. Za ku gane macen idan ta sauka a bango: kai ƙasa, gindi sama, kamar an soka tsinke a karkace.

Shekaru da dama masana na ɗaukar babban mai yaɗa cutar a Afirka, Anopheles gambiae, jinsi ɗaya ne. A 1955, a yammacin lardin Sakkwato, aka ga wani maganin feshi mai suna dieldrin ya daina kashe shi. Zaɓen da muka yi magana ke nan: maganin ya kashe masu rauni, 'yan kaɗan masu juriya suka gaje gari. Wani masani a Landan, George Davidson, ya shiga haɗa sauro daga wurare daban-daban don ya gane yadda ake gadon juriyar. Sai ya ci karo da abin da bai je nema ba. A wasu haɗe-haɗen, 'ya'ya maza ba sa haihuwa. Alfadarin sauro! Ashe abin da ake kira da suna ɗaya jinsuna ne da dama masu kama ɗaya. Biyu daga ciki su ne gambiae da arabiensis, kuma dukkansu suna ƙasar Hausa.

Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi wani babban aikin bincike a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin tana jihar Kano, yanzu tana Jigawa. An fesa magani a ɗakuna, an raba ƙwayoyi, zazzaɓi ya ragu ƙwarai, amma bai yanke ba, kuma da aka daina ya dawo. Cikin dalilan akwai wannan: wani kason sauron yakan ciji mutum ya fice waje ya huta, bai taɓa bangon da aka fesa ba. Wani Ba'italiye, Mario Coluzzi, yana cikin masu binciken sauron. Yakan fede mace mai ƙwai, ya ciro wasu manyan kuromosom masu ratsi-ratsi kamar gwado, ya karanta ratsin a ƙarƙashin madubi. Da wannan karatu yake gane jinsi, har ya nuna cewa tsarin ratsin yana tafiya da halin sauron: wanda ya fi jure bushewar arewa, da wanda ya fi son kwana cikin ɗaki.

Aikin ya ci gaba a Mali tare da masana irin su Yeya Touré, sai aka ga gambiae kansa ya dare biyu. Ɗaya yana zuba ƙwai a ruwan da bai daɗewa: sawun shanu, ramin taya, ɗan kwatamin da ruwan sama ya bari. Tsutsarsa gaggawa take yi ta girma kafin ruwan ya ƙafe. Ɗayan ya saba da ruwan da ke daɗewa, kamar fadamar shinkafa da magudanar noman rani, inda ƙwari masu cin tsutsa suka yi yawa, kuma tsutsarsa ta fi iya kauce musu. Da magariba mazan sauro kan taru su yi ta shawagi wuri ɗaya, mace ta shigo ta ɗauki miji. A ƙauyukan Mali da aka lura da su, na farkon a kan fili fetal yake taruwa, na biyun a kan wata alama, kamar tarin itace ko juji. Gari ɗaya, magariba ɗaya, dandali biyu.

A ɗakin bincike, idan aka kulle su keji ɗaya, suna barbara su haifi 'ya'ya masu haihuwa. A daji kuwa, a yawancin Afirka ta Yamma, ruwa-biyun bai kai 1 cikin 100 ba. Amma a Gini Bisau ya haura 20 cikin 100. To, jinsi biyu ne ko ɗaya? An daɗe ana gardama. A 2013 aka ba na ruwa mai daɗewa suna nasa, Anopheles coluzzii, don tunawa da Coluzzi wanda ya rasu a 2012. A ganina an yi daidai, domin a mafi yawan wurare kowanne hanyarsa yake bi. Sai dai katangar tana da ɓula. A Mali, wajen 2006, an ga gadon juriyar magani ya tsallaka daga gambiae ya shiga coluzzii ta hanyar 'yan ruwa-biyun nan, ya bazu. Binciken da aka yi a wuraren noman rani na Kano da Jigawa ya nuna coluzzii ne mafi yawa a can. Don haka duk garin da ke kusa da dam, ko Guzuguzu ko Challawa ko Tiga, kada mutanensa su naɗe gidan sauro don damina ta wuce. Ruwan da ke ba mu tumatir da shinkafar rani yana iya riƙe wannan sauron bayan kududdufan damina sun ƙafe.

Labarin sauron nan ya nuna mudun Mayr ba komai yake aunawa ba. Ƙwayoyin cuta na bakteriya ba sa barbara, tsagewa biyu suke yi. Ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare ba a iya gwada su da aure. Shi ya sa masana ke haɗa shaidu: siffa, hali, wurin zama, da karatun DNA. Hukunci kan canja idan sabuwar shaida ta zo. A 2011 aka tabbatar cewa kadan Afirka ta Yamma jinsi ne daban da kadan Nilu, bayan an daɗe ana haɗa su.

Sunan yanka da jerin dangi

Tsiro ɗaya kan yi suna goma a harshe goma, suna ɗaya kuma ya hau kan tsiro biyu. Dankali da dankalin Turawa suna kawai suka tara. Dankalin Hausa ɗan gidan su duman kada ne, na Turawa ɗan gidan su gauta da tumatir. Gurjiya da gyaɗa duk a ƙasa suke binne 'ya'ya, amma gurjiya da wake ne 'yan gida ɗaya. Jemage yana tashi, amma haihuwa yake yi ya shayar, don haka ya fi kusa da akuya a kan tsuntsu.

Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, shi ya kafa tsarin da ake bi: na tsirrai a 1753, na dabbobi a 1758. Kowane jinsi suna biyu da Latin, na farko sunan gida, na biyu sunan kansa, kamar yadda akan ce wane na gidan wane. Doki Equus caballus, jaki Equus asinus: gida ɗaya. Wake Vigna unguiculata, gurjiya Vigna subterranea. Sunayen kan ɗauko tarihi. Kuka Adansonia digitata ce, don Michel Adanson, Bafaranshen da ya gan ta a Sanagal wajen 1749. Ɗorawa Parkia biglobosa ce, don Mungo Park. Tsamiya Tamarindus indica, wato ta Indiya, alhali 'yar Afirka ce, kuma ƙa'ida ba ta yarda a sauya suna don kuskure irin wannan ba. Ni dai yakan dame ni cewa itatuwan da kakanninmu suka ci suka sha suna ɗauke da sunayen baƙi. Amma ƙofar a buɗe take: duk wanda ya gano sabon jinsi, ya bayyana shi a rubuce bisa ƙa'ida, ya ajiye samfurinsa a ma'adanar tsirrai ko ta dabbobi inda kowa zai iya dubawa, shi ke raɗa suna. An raɗa wa jinsi kusan miliyan 2, kuma waɗanda ba a kai gare su ba sun fi haka yawa.

Daga gida sai a hau mataki-mataki. A wannan littafi za mu kira matakan jinsi, gida, dangi, zuri'a, aji, reshe, masarauta. Jaki gidansu ɗaya da doki da jakin dawa, zuri'arsu ɗaya da karkanda, ajinsu na masu shayarwa, reshensu na masu ƙashin baya, masarautarsu ta dabbobi. A tsirrai, ku tsinko kwanson wake, da na gyaɗa, da tsamiya, da ɗorawa, da gawo, ku jera. Ɗaya yaɗo yake yi, ɗaya ƙaton itace ne, amma ginin kwanson ya nuna dangi ɗaya ne. Linnaeus bisa kama ya jera. Masanan yau bisa asali suke jerawa, wa ya fi kusa da wa a kaka, kuma DNA ce babbar shaidarsu.

Aikin gida

Kafin zama na gaba, kowa ya tambayi dattijon gidansu sunayen irin dawa da gero da wake da ya sani, har waɗanda aka daina shukawa, ya rubuto su, mu tantance a aji wanne ne iri, wanne ne jinsi. Sannan ku ɗauki farin kwano ku je wuri biyu: ɗan ruwan da ya kwanta a sawun dabbobi, da bakin fadama ko magudanar lambu. Ku kamfato ruwan sama-sama a hankali, ku ajiye kwanon ya natsu. Tsutsar da ta rataye kai ƙasa, wutsiya a saman ruwa, ta sauron kwata ce. Wadda ta kwanta miƙe a saman ruwan kamar ɗan tsinke, ita ce ta Anopheles. Ku ƙirga kowace, ku rubuta wurin da ranar, sannan ku zubar da ruwan a busasshiyar ƙasa.